TSAKANIN GAIWA DA SANIYA AKWAI ZUMUNTA, IN JI MASANA

Duk wanda ya taɓa zama a fadamun Haɗeja, ko a bakin tafkin Cadi, ya san abin da gaiwa ta kan yi idan rani ya kama. Sa'ad da ruwa ya fara janyewa, sauran kifaye su kan bi shi, wanda ya makara kuwa ya zama rabon shamuwa da balbela. Ita gaiwa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da majinar da ke fita daga fatarta, ta bar 'yar ƙofa wadda iska za ta riƙa shiga. Haka za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokar jikinta, har damina ta dawo. Shi ya sa mutanenmu su ke cewa gaiwa jikinta ta ke ci. Masu neman ta da rani ba su ɗaukar taru ko ƙugiya, fartanya su ke ɗauka.

To, jama'a masu karatu, ga tambaya. In aka jera gaiwa, da karfasa, da saniya, aka ce a ware biyun da suka fi kusa da juna a wajen dangantaka, waɗanne za ku ware? Na tabbata ko yaro ɗan firamare zai ce gaiwa da karfasa, tun da ya ke dukansu kifaye ne, a ruwa su ke, a kasuwar kifi kuma a ke sayar da su. Amma masanan ilmin halittu na zamanin nan sun haɗu a kan wata amsa dabam. Sun ce gaiwa da saniya su ne 'yan ɗaki ɗaya, karfasa kuwa dangi ce ta nesa.

Wannan magana ba yau aka fara ta ba. A ƙarshen shekarar 1978 da farkon 1979 manyan masana na ƙasar Ingila da wasu ƙasashen Turai sun yi ta musayar wasiƙu masu zafi a kanta cikin mujallar kimiyya da a ke kira Nature, sai dai su nasu misalin da wani kifin ƙasashen sanyi suka yi shi, mai suna samon. Waɗansu suka ce wannan ai wasa da hankali ne, waɗansu suka ce hankalin ke nan. Yau an wayi gari ɓangare na biyu ne ya yi rinjaye, har ya kai an sake tsarin yadda a ke rarraba dabbobi da tsirrai a manyan jami'o'in duniya. Abin da ya kawo wannan, da amfanin da ke cikinsa ga manomi da likita, shi mu ke so mu duba.

TUN DAGA ALJAHIZU

Rarraba halittu gida-gida tsohuwar al'ada ce ta ɗan Adam. Bahaushe yana da nasa tsarin: dabbobin gida da namun daji, tsuntsaye, ƙwari, masu jan ciki. Shahararren marubucin nan na birnin Basra, Aljahizu, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya kasa dabbobi kashi huɗu cikin littafinsa Kitabul Hayawan, watau masu tafiya, da masu tashi, da masu iyo, da masu jan ciki. Amma shi da kansa ya lura cewa ba duk mai tashi ne tsuntsu ba. Mu ma tatsuniyoyinmu sun daɗe suna fama da jemage, wanda tsuntsaye suka ƙi shi saboda haƙora, dabbobi suka ƙi shi saboda fukafukai.

Wanda ya kafa tsarin da makarantun boko suka gada shi ne Karl Liniyas, mutumin ƙasar Suwidin, ɗan wani limamin coci. A 1735 ya fitar da littafinsa na tsarin halittu, ya yi ta gyara shi yana sake bugawa har tsufansa. Shi ne ya daidaita al'adar ba kowace halitta suna biyu da Latinanci, na gida da na yanka, kamar yadda a ke ce wa zaki Panthera leo a yau. Liniyas da kama ya yi aiki: ya ƙirga haƙora, ya ƙirga yatsu, ya ƙirga sassan fure. Duk da haka idonsa yana da kaifi. A bugu na 10 na littafin, cikin 1758, ya cire babbar dabbar tekun nan da Turawa ke kira wel daga cikin kifaye, ya sa ta cikin masu shayarwa, domin da huhu ta ke numfashi, kuma nono ta ke ba 'ya'yanta.

Abin da Liniyas bai amsa ba shi ne, me ya sa halittu su ke shiga gida cikin gida haka, kamar ƙwarya cikin ƙwarya? Bature ɗan Ingila, Cales Darwin, shi ya kawo amsar da masana kimiyya suka riƙe. A littafinsa na 1859 ya ce wannan tsari alama ce ta zuriya, watau jinsunan da ke gida ɗaya daga kaka ɗaya suka gangaro, suka rarrabu sannu a hankali cikin dogon zamani. Zane ɗaya tak ke cikin littafin nan, shi ne na itace mai rassa. Ya kuma ce ya kamata rarraba halittu ta zama bin salsala. Sai dai faɗa ta fi aiki sauƙi. An yi kusan shekara 100 bayansa masana suna amsa maganar da baki, amma in an zo aiki sai kowa ya koma ga kama, da kuma abin da ransa ya raya masa.

FURSUNAN YAƘI MAI NAZARIN ƘUDAJE

Mutumin da ya warware ƙullin ba wani sananne ba ne a lokacinsa. Sunansa Wili Henig, Bajamushe, an haife shi a 1913, sana'arsa kuwa nazarin ƙudaje. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi masa rauni a fagen daga na Rasha, daga baya aka sa shi aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Italiya. Can sojan Ingila suka kama shi a 1945. Yana tsare ya rubuta daftarin littafin da ya fito da Jamusanci a 1950. Kusan ba wanda ya kula da shi sai da aka buga shi da Ingilishi a Amurka cikin 1966.

Henig ya ce kama iri uku ce, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu ke iya zama shaidar kusanci. Bari mu kwatanta da tsagar gado. A ce akwai wani gari wanda tun daga kakan da ya sari garin kowa yana da zube uku a kumatu. In ka ga mutum biyu masu zube uku, abin da ka sani kurum shi ne 'yan garin ne, amma ba ka san ko uba ɗaya su ke ba, domin kowa yana da ita. Wannan ita ce tsohuwar kama. To, a ce daga baya wani jikan mai garin ya sa wanzami ya ƙara wa 'ya'yansa bille a kan hanci, su ma suka yi wa nasu 'ya'yan. Duk inda ka ga biyu masu zube uku da bille, ka san daga tsatson wannan jikan suka fito. Wannan ita ce sabuwar kama ta tarayya, ita ce kuma shaida. Ta ukun ita ce kamar haɗuwa, watau wani baƙo daga wata ƙasa ya zo da tabo a kan hanci wanda ƙaya ce ta yi masa. Ga ido kamar bille, amma ba gado ba ne. A nan ne karin maganar nan ta mutanen da ta ke aiki, kama da wane ba ta wane.

Mu koma ga gaiwa. Abin da ya haɗa ta da karfasa, watau zaman ruwa, da ɓawon jiki, da siffar kifi, duk tsohuwar kama ce, wadda kakannin masu ƙashin baya suka zo da ita tun kafin a rabu. Amma in aka feɗe ta za a ga abubuwan da karfasa ba ta da su. Ɗakin zuciyarta na sama ya fara rabuwa biyu, akwai kuma jijiya ta musamman mai dawo da jini daga huhu zuwa zuciya, kamar yadda ya ke ga kwaɗo da akuya. Siraran hannuwanta masu kama da igiya, kowanne da gaɓa guda ya ke haɗe da kafaɗa, daidai da yadda ƙashin dantse guda ya ke ga dabbobin tudu, alhali kuwa na karfasa ƙasusuwa ne a jere kamar mafici. Babbar gaiwa ma in aka hana ta leƙowa ta shaƙi iska, nutsewa za ta yi ta mutu cikin ruwan. Ma'anar wannan ita ce, reshen karfasa ya riga ya rabu, sa'an nan daga baya, fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce bisa lissafin masana, reshen gaiwa ya rabu da na masu ƙafa huɗu.

Henig ya ƙara da wata doka, wadda ita ce ta fi tayar da ƙura. Ya ce ba a kiran taro da sunan gida sai ya ƙunshi kaka da dukan zuriyarsa, ba a bar kowa a waje ba. Ba ya yiwuwa a ƙirga iyalin mutum a tsame ɗansa guda don kawai ya tafi Ikko ya yi arziki ya sake tufafi. Bisa wannan doka, kalmar "kifi" ba sunan gida ba ce, domin ta tara gaiwa da karfasa ta bar saniya a waje. Haka nan "masu jan ciki".

KADA DA ZAKARA

Dubi kada, dubi damo. Kowa zai rantse 'yan uwa ne. Amma zuciyar kada ɗaki huɗu gare ta kamar ta tsuntsu, ta damo da ƙadangare kuwa ba ta rabu sarai ba. Kada tana haɗa wurin ƙwai ta tsare shi, 'ya'yanta su kan yi kuka tun suna cikin ƙwai, ta zo ta tone su ta kai su ruwa. Ƙasusuwan kai da na ƙafa, da binciken jini da na gado, duk sun nuna abu guda: a cikin dabbobin da ke raye yau ba wanda ya fi tsuntsu kusa da kada. Zakaran da ke cara a tsakar gida ya fi damo kusa da ita.

Su tsuntsaye kuwa, masana sun tabbatar reshe ne na manyan dabbobin nan na zamanin da, da a ke kira dainoso. An tono ƙasusuwan wani tsuntsu mai haƙora da doguwar wutsiya ta ƙashi a Jamus cikin 1861, sa'an nan daga 1996 aka shiga tono dainoso masu gashin tsuntsu a arewa maso gabashin ƙasar Sin. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ma tana da nata kason. A hamadar Tenere, cikin jihar Agadas, wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta tono wani dainoso mai dogon baki kamar na kada, aka ba da bayaninsa a 1998. Sunan da suka ba shi, Suchomimus, ma'anarsa mai kwaikwayon kada. Bakin nan kamar haɗuwa ce, cin kifi ya kawo ta. A salsala ya fi kusa da zabuwa bisa ga kada.

LITTAFIN DA KE CIKIN JIKI

A zamanin Henig da ƙashi da tsoka a ke shari'a. Daga wajen 1980 zuwa yau sai aka sami wani mashaidi wanda ya fi su yawan magana, shi ne sinadarin gado da a ke kira DNA, wanda ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai. Shi wannan kamar dogon rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, wanda a ke kwafewa daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wanda ya san yadda malamanmu su ke kwafar littattafai da hannu zai gane abin nan da nan. In wani marubuci ya yi tuntuɓen alƙalami ya sauya harafi, duk almajirin da ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren, haka wanda ya kwafa daga almajirin. Bayan shekara 200, mai bincike zai iya tara kofe ashirin, ya bi kurakuran da suka yi tarayya a kansu, ya gane wanne aka kwafa daga wanne, ko da ba wanda ya rubuta sunansa. Abin da masana ke yi ke nan da DNA, sai dai su da na'urar kwamfuta su ke ƙirgawa.

A 2021 aka karance rubutun gadon gaiwa irin tamu ta Afirka ta Yamma. Haruffansa sun kai wajen biliyan 40, watau ya ninka na mutum fiye da sau 10. Ya kuma gaskata abin da masu fiɗa suka faɗa tun da fari.

Amma inda wannan mashaidi ya fi ba da mamaki shi ne a kan dabbobin nahiyarmu. Akwai wata 'yar dabba mai zama a kan duwatsu, rema, wadda waɗansu ke kira agwada. Girmanta bai wuce na zomo ba, wanda bai sani ba sai ya ce wani irin gafiya ne. Tun da daɗewa masu fiɗa suka lura cewa tana da faratai masu faɗi irin na giwa, da haƙoran gaba biyu masu tsiro kullum kamar ƙaramin haure, kuma marainan namijinta a cikin ciki su ke zaune kamar na toron giwa. Haka nan ayu, wannan dabba mai kunya ta kogin Binuwai da Kwara da tafkin Pandam na Jihar Filato, nononta a hamata ya ke, kusa da inda na giwa ya ke, tsakanin ƙafafun gaba. A 1945 wani masani Ba'amurke, Joj Simsin, ya tara su uku a rukuni guda. Da DNA ya zo sai ya tabbatar da haka, ya kuma jawo waɗansu da ba wanda ya zata: dabgi mai tonon suri, da waɗansu ƙananan dabbobi masu cin ƙwari na Afirka da tsibirin Madagaska. A 1998 aka raɗa wa wannan babban gida suna Afrotheria, watau dabbobin Afirka. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, an yi wani dogon zamani Afirka tana tsibiri, teku ya raba ta da Turai da Asiya, zuriyar kaka guda ta bazu a cikinta, wani ya shiga ruwa, wani ya hau dutse, wani ya yi ta girma har ya zama giwa. Ni dai tun da na san wannan, in na ji ana tallar man ayu a tasha sai in ji wani iri, domin mafarautan da ke ƙarar da ita ƙanwar giwa su ke kashewa, ga ta kuwa ba ta haihuwa sai ɗa guda bayan shekaru.

Sauran misalan sai mu bi su da sauri. Kura, duk da kamarta da kare, tana ɓangaren kyanwa da tunku da jibda. Dorina ba ta da dangi na kusa a raye kamar wel, kuma a 2001 aka tono ƙasusuwan tsofaffin wel masu ƙafafu a Pakistan, idon sawunsu irin na raƙumi da akuya. Gara, wadda a ke ɗauka 'yar uwar tururuwa ce, bincike ya nuna kyankyaso ce da ta koyi zaman jama'a. Naman kaza da ke tsirowa a juji da damina ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai.

Ba a nan masana suka tsaya ba, sun auna ɗan Adam ma da wannan ma'auni, suka sa shi a gida ɗaya da manyan birai. Tun Liniyas ya jera su tare a 1735. Wannan shi ne wurin da malaman addini da yawa, Musulmi da Kirista, ba su yarda da su ba, kuma muhawara ce mai tsawo wadda ta cancanci nata shafin dabam. Abin da ke gabanmu yau shi ne dabba da itace da ƙwayar cuta.

ZUMUNTA A TUKUNYAR MIYA

A wajen tsirrai kuwa, sai in ce matanmu na gida sun riga masana. Littattafan da aka yi karatu da su a da sun raba kuka da rimi a gida ɗaya, goro da koko a wani, lalo a wani, sa'an nan kuɓewa da rama da yakuwa da auduga a na huɗu. A ƙarshen shekarun 1990, da wata ƙungiyar masanan tsirrai ta duniya ta sake tsarin bisa shaidar DNA, sai aka ga uku daga gidajen nan ba su cika dokar Henig ba, aka rushe katangun aka mai da su gida guda. To, wace uwargida ce ba ta san kuka da kuɓewa da lalo suna da hali ɗaya a tukunya ba? Yauƙin nan gadon gidansu ne. Masu tufka ma sun san ɓawon kuka da na rama da na lalo duk suna ba da igiya.

Amma kada a yi saurin yanke hukunci, domin karkashi ma yana da yauƙi, shi kuwa ɗan gidan riɗi ne, ba abin da ya haɗa shi da kuɓewa sai tukunya.

Sanin wannan ba don nishaɗi kawai ba ne. Cuta da ƙwaro su ma salsala su ke bi. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga tana cin kuɓewa, jan ƙwaron nan mai ɓata farin kaɗa kuwa ya kan yi renon 'ya'yansa a kan 'ya'yan kuka da rimi. Cutar kumburin reshe, wadda aka gano a gonakin koko na ƙasar Gana cikin 1936, wadda kuma ta sa aka sare miliyoyin itatuwa a can da yammacin Nijeriya, an same ta tana fakewa a jikin rimi da kuka da waɗansu dangin goro na daji. Malamin gona da ya san wane ne ɗan uwan wane ya san inda zai nemi maɓoyar abokin gaba. Haka mai neman irin da ke jure fari ko cuta, wajen dangin amfanin gona na daji ya ke zuwa aure.

Sai dai gyaran salsala ya kan zo da rigima, kamar rabon gado. Shekara da shekaru bagaruwa da dakwara mai ba da ƙaro, da ɗaruruwan itatuwan ƙasar Ostareliya, duk suna amsa suna guda a Latinance, Acacia. Bincike ya nuna ba gida ɗaya ba ne, tilas a raba. To, wa zai riƙe sunan? Bisa ƙa'ida namu ne, domin bagaruwa ce aka kafa sunan a kanta. Amma mutanen Ostareliya suka ce nasu jinsunan sun kusa dubu, sauya musu suna wahala ce babba. A babban taron masanan tsirrai na birnin Biyana a 2005 aka ba su, aka kuma sake tabbatar musu a Melbon cikin 2011, duk da ƙorafin masanan Afirka. Yanzu bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. A ganina raba gidan daidai ne, amma a rabon sunan an yi mana ƙarfa-ƙarfa.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka itacen salsalar nan an gama sassaƙa shi. Ana ta gyara. Kunkuru ya sha ƙaura daga reshe zuwa reshe kafin shaidar DNA ta ajiye shi kusa da kada da tsuntsaye. Ƙananan ƙwayoyin bakteriya kuma su kan yi musanyar gado tsakaninsu ba ta hanyar haihuwa ba, har rassansu su sarƙe kamar saƙar gizo. Ba kuma wanda ya ce masunta su daina kiran gaiwa kifi. Sunan kasuwa dabam, na salsala dabam, kowanne da ranarsa. Abin da ya rage shi ne littattafan makarantunmu, waɗanda da yawansu har yanzu su ke jera wa yara kifaye, da masu jan ciki, da tsuntsaye, ba tare da ko layi ɗaya da zai nuna musu yadda rassan suka haɗu ba.

SALSALAR SHAN INNA

Wanda ke ganin duk wannan zancen 'yan boko ne, to, ya tuna da abin da ya faru a Jihar Borno. Daga watan Yuli na 2014 Nijeriya ta yi shekara biyu cur ba a sami yaron da ƙwayar shan inna ta daji ta kama ba, har an fara shirin murna. Sai a watan Agusta na 2016 aka ba da sanarwar yara biyu da cutar ta shanye, ɗaya a ƙaramar hukumar Gwoza, ɗaya a Jere. Tambayar da ta tsaya wa likitoci ita ce, daga ina ta fito? In daga Pakistan ko Afganistan aka shigo da ita, maganin abin shi ne tsaron iyaka da filin jirgin sama. In kuwa ta gida ce, to, akwai wani rami da ba a gani ba.

Rubutun gadon ƙwayar shan inna yana sauyawa da sauri, wajen harafi ɗaya cikin 100 a kowace shekara, saboda haka a kan iya karanta shi kamar agogo. Da aka karanta na yaran nan aka ɗora shi a kan itacen salsalar ƙwayoyin da aka taɓa kamawa, sai aka ga danginsa mafi kusa wata ƙwaya ce da aka gani a Borno tun 2011. Watau cutar ta yi wajen shekara biyar tana yawo daga yaro zuwa yaro a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga, ba wanda ya sani. Wannan ne ya sa aka juya akalar aikin, aka yi gangamin rigakafi a ƙasashen tafkin Cadi gaba ɗaya, aka bi sansanonin 'yan gudun hijira, aka haɗa masu ɗigon baki da rakiyar soja. Yara huɗu aka samu a wannan shekara, daga su kuwa ba a sake samun ta daji a ƙasar nan ba. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka ba da shaidar cewa yankin Afirka ya rabu da ita.

A watan Fabrairu na 2022 sai ga labari daga Malawi, an sami wata yarinya a birnin Lilongwe da ƙwayar daji ta shanye. Hankalin kowa ya tashi, ana tsoron ko shaidar da aka bayar ta rushe. Aka sake komawa ga itacen salsala. Ƙwayar ba ta reshen Borno ba ce, ba kuma ta wani reshe na Afirka ba, danginta suna lardin Sindh na Pakistan. Saboda haka shaidar ta tsaya, aka kuma shiga yi wa miliyoyin yara rigakafi a Malawi da Mozambik da Tanzaniya da Zambiya.